Yawan Jama'a da Ɗaukar Ƙasa a Kwarin Gulbin Kabi

Daga cikin fannonin ilmin halitta akwai wani wanda ba ruwansa da dabba ɗaya ko mutum ɗaya. Abin da ya ke dubawa shi ne taron jinsi guda da ke zaune a wuri guda, ya tambayi yawansu, da abin da ke ƙara su, da abin da ke rage su. Ko kifin tafki ne, ko shanun ruga, ko mutanen gari, hanyar lissafin ɗaya ce. Mun ga ya kamata mu warware wannan ilmi a nan da Hausa, mu auna shi da ƙasar da muka sani, watau kwarin Gulbin Kabi daga Argungu zuwa Birnin Kebbi. Dalili kuwa, mu da za mu tsaya gaban allo gobe, mu ne za mu fara ganin amsar lissafin nan da idonmu, cikin yawan yaran da za a turo mana.

Ƙofofi Huɗu

Kowace jama'a tamkar gida ce mai ƙofa huɗu, biyu na shiga, biyu na fita. Na shiga su ne haihuwa da baƙunta, na fita kuwa mutuwa da ƙaura. Ban da waɗannan babu wata hanya da yawan jama'a zai ƙaru ko ya ragu. Ga misali. A ce wani ƙauye yana da mutum 1,000. Cikin shekara aka haifi 45, 15 suka rasu, baƙi 5 suka zo suka zauna, 5 suka tashi. To, ƙauyen ya ƙaru da mutum 30, watau 3 cikin kowane 100. Wannan adadi, 3 bisa 100, a riƙe shi da kyau, za mu sake gamuwa da shi.

Tarihin Kabi ya nuna aikin ƙofofin baƙunta da ƙaura a fili. Surame, birnin da Kanta ya gina a ƙarni na 16, ya taɓa cika da mutane, yau kuwa sai kufai da ragowar ganuwa. A 1805 mayaƙan jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi, daga baya Kabawa suka kafa sarautarsu a Argungu, gari ɗaya ya ragu, ɗaya ya ƙaru. A 1991, da aka yanki Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato aka mai da Birnin Kebbi babban birni, sai ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'a suka yi ta kwararowa. Haka nan cin rani, wanda mutanenmu suka daɗe suna yi zuwa Kurmi da Gwanja, ƙofar fita ce da ke buɗewa bayan kaka, ta juya ta zama ta shiga in damina ta gabato.

Ɗori da Riɓi

Ƙaruwa iri biyu ce. Akwai ta ɗori, kamar mai jefa kwabo ɗaya cikin asusu kullum: 1, 2, 3, 4. Akwai ta riɓi, inda abin da aka samu shi ma ya kan haifar da wani: 1, 2, 4, 8. Masu rai duk da riɓi su ke ƙaruwa, domin ɗan yau shi ne uban gobe.

Mutum ba ya gane ƙarfin riɓi sai ya zauna ya lissafa. Ɗauki dara mai gurbi 30. Sa ƙwayar shinkafa ɗaya a gurbin farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, ka bi haka kana riɓawa. A gurbi na 10 ƙwaya 512 ce kurum, ba ta cika tafin hannu ba. Amma a gurbi na 30 za ka bukaci ƙwaya 536,870,912, jimlar darar duka kuwa ta haura ƙwaya miliyan dubu. In mun ɗauka ƙwaya 40 ke yin giram ɗaya, wannan ya fi buhu 500 na kilo 50. Abin lura a nan shi ne, rabin wannan dukiya duk a gurbin ƙarshe ta ke. Riɓi ya kan fara a ɓoye, ba a farga da shi sai ya yi nisa.

Masu lissafi suna da wata 'yar dabara ta sanin lokacin da abu zai riɓa. Sai ka raba 70 da adadin ƙaruwarsa bisa 100 a shekara. Jama'ar da ke ƙaruwa da 1 bisa 100 za ta riɓa cikin shekara 70, mai 2 bisa 100 cikin shekara 35. Ƙauyen misalinmu mai 3 bisa 100 kuwa zai riɓa cikin shekara 23, watau tun jaririn da aka raɗa wa suna bana bai daɗe da yin aure ba.

Darasin Kifi

To, in riɓi yana da ƙarfi haka, me ya hana kifi cika gulbi har a taka bayansa a haye? Babbar macen giwan ruwa ta kan saki ƙwai miliyoyi, ta bar su ga ruwa, kaɗan ƙwarai ke kai girma. Karfasa ba ta yin ƙwai da yawa haka, amma ta kan ɓoye su cikin bakinta har su ƙyanƙyashe. Giwar daji kuwa ɗa ɗaya ta ke haifa bayan ciki na wata 22, ta yi ta renonsa shekaru. Dabaru daban daban ke nan, waɗansu da yawa su ke taƙama, waɗansu da reno, amma dukansu ba mai wuce iyakar da wurin zamansa ya yanka masa.

Wannan iyaka ita mu ke kira ɗaukar wuri, watau yawan rayukan da wuri zai iya ciyarwa shekara bayan shekara ba tare da shi kansa ya lalace ba. Kamar jaki ne, yana da nauyin da zai kai kasuwa ya komo lafiya. In an ɗora masa fiye da haka ya yiwu ya kai yau, amma gobe ko rabin kayan ba zai ɗauka ba. Wani masanin lissafi na ƙasar Beljiyam ya nuna a 1838 cewa jama'ar da ta sami sabon wuri ta kan fara ƙaruwa a hankali, sa'an nan ta yi sauri, in ta kusa iyaka kuma ta lafa.

Masuntan Kabi sun san wannan tun ba a rubuta shi ba. Da damina gulbi ya kan fantsama cikin fadama, abinci ya yalwata, kifi ya bi ruwa ya yi ƙwai cikin ciyayi. Da rani ruwa ya janye, ya bar tafkuna da gurabe, kifi ya matsu, babba ya ci ƙarami, tsuntsu ya ɗauka, masunci ya kama. Saboda haka ɗaukar gulbi tana bin faɗin ambaliyar shekara.

Abubuwan da ke rage jama'a su ma iri biyu ne. Akwai masu bin yawa, waɗanda ƙarfinsu ke ƙaruwa in an matsu, kamar yunwa da cuta mai yaɗuwa da faɗa kan wuri. Bushiya, wadda ta hallaka shanun Fulani wajen 1890, ta sake ɓarna a 1983, inda garke ya haɗu da garke ta fi kisa. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da yawa, kamar fari da ambaliya da gobarar daji, su kan faɗa wa mai yawa da maras yawa baki ɗaya. Waɗansu halittu kuma, irin su fara da tsuntsun jan baki da ke addabar manoman shinkafarmu, ba su lafawa a kan iyaka. In shekara ta yi musu kyau sai su zarce ta, su cinye abin da ke gabansu, sa'an nan su zube.

Hikimar mutanen Argungu ita ce hana kai. A Matan Fada akwai ruwan da a ke tsarewa, ba mai jefa homa ciki sai ranar da aka ba da izini, Sarkin Ruwa da mutanensa suna lura. Bikin kamun kifi da duniya ta sani ya samo asali ne daga 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka rufe tsohuwar gaba da zumunci. A 2005 kifin da ya ci gasa nauyinsa kilo 75 ne, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya abin tsarewa. Kifi ba ya kai wannan girma sai an bar shi ya shekara ya sake shekara. Da kowa na kamu kullum da koma mai ƙananan idanu, da ba a sami abin nuna wa baƙo ba.

Ɗaukar wuri kuma ba abu ba ne tsayayye, mutum ya kan taɓa ta. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984. Sun ba da ruwan sha da na noman rani, amma masu bincike sun tarar bayan Bakolori ambaliyar da ke sauka fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu, shinkafar fadama da kifi suka ragu tare da ita. Abin da aka ƙara wa wani wuri, sau da yawa daga wani aka ɗebo shi.

Ɗan Adam da Iyakarsa

Shin mutum ma haka ya ke? Malamai biyu sun yi zurfin tunani a kan wannan. Na farko Ibn Haldun, mutumin Tunis, wanda annobar 1348 ta ɗauke iyayensa. A cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya nuna cewa yawan mutane shi ke kawo yawan aiki da sana'o'i da arzikin birni, amma in zalunci da nauyin haraji suka hana manomi noma da ajiya, sai yunwa da annoba su biyo baya. Na biyu Maltus, wani limamin Kirista na Ingila. A 1798 ya ce mutane, in ba abin da ya tare su, su kan riɓa cikin shekara 25, alhali abinci da ɗori ya ke ƙaruwa, don haka ba makawa sai baki ya fi tuwo yawa.

Kakanninmu sun ɗanɗani abin da Maltus ya ke tsoro. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a ke kira Kakalaba, ta kashe mutane masu yawa a ƙasar Hausa. Marisuwa ta biyo baya a 1918. An yi 'Yar Gusau wajen 1942, an yi farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984. Ga agana da ƙyanda da sanƙarau da zazzaɓi suna ɗibar yara kowace shekara. A wancan zamani ƙofar haihuwa a buɗe ta ke ƙwarai, amma ta mutuwa ma haka, shi ya sa yawan jama'a bai yi nisa ba.

Sai dai mutum ya bambanta da kifi, domin kowane baki da ya zo duniya da hannu biyu ya zo, da hankali kuma. Kifi ba ya faɗaɗa tafki, mutum kuwa ya kan haƙa rijiya. A 1913 aka fara sarrafa takin zamani daga iska a Jamus. A shekarun 1960 aka fito da irin alkama da shinkafa masu yawan albarka, ƙasashen Asiya suka riɓa abincinsu. Jirgin ƙasa da mota suka sa a kan kai hatsi inda aka yi fari. Allurar rigakafi ta kawar da agana daga duniya, aka tabbatar da haka a 1980, bushiya kuma a 2011. Mu ma a nan, gajerun rijiyoyin fadama da injin ban ruwa sun sa a kan noma shinkafa da rani a inda dā sai damina. A Nuwamba 2015 a Jihar Kebbi aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rance, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a Argungu.

Ga abin da wannan ya haifar. Mutanen duniya ba su kai biliyan ɗaya ba, watau miliyan dubu, sai wajen 1804. Suka kai biliyan 2 a 1927, biliyan 4 a 1974, biliyan 8 a Nuwamba 2022. Riɓin farko ya ci shekara 123, na biyu 47, na uku 48. Kada a zaci mata ne suka ƙara haihuwa. Mutuwa ce ta ragu, musamman ta yara. An tsuke ƙofar fita ne fiye da yadda aka tsuke ta shiga.

Lissafin Ƙasarmu

Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta sami mutanen Nijeriya wajen miliyan 30, ta 1963 miliyan 55 da 'yan kai, ta 1991 kusan miliyan 89, ta 2006 miliyan 140. An yi gardama a kan waɗansu daga cikinsu, har aka soke ta 1973, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta, amma hanyar da adadin ya nufa ba ta ɓuya ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2023 mun haura miliyan 220.

Jihar Kebbi a 1991 tana da mutum miliyan 2 da kaɗan, a 2006 kuwa kusan miliyan 3 da kwata. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Birnin Kebbi tana da wajen 268,000, ta Argungu kusan 200,000. In aka lissafa ƙaruwar jihar tsakanin ƙidayar biyu, sai a ga 3 bisa 100 ce a shekara, daidai da ƙauyen misalinmu. In tafiyar ba ta sake ba, wajen 2029 mutanen jihar za su riɓa na 2006, su kai miliyan 6 da rabi. Faɗin jihar kuwa, murabba'in kilomita 36,800, ba zai ƙaru da taki ɗaya ba. A 1991 mutum 56 ke raba kowane murabba'in kilomita, a 2006 sun zama 88.

A gona a ke fara jin wannan. A ce mutum ya bar eka 16, magada huɗu suka raba daidai, don sauƙin lissafi. Kowa ya sami eka 4. In kowannensu ya bar magada huɗu, jikoki eka ɗaya ɗaya za su tashi da ita. Daga nan sai a daina barin saura ta huta, ƙasa ta gaji. Sai a nome burtali da mashaya, rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi. Sai a sare itace don girki, a gina gida a kan hanyar ruwa. Ambaliyar 2010 da ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, ba yawan mutane ya kawo su ba, amma yawan waɗanda suka dogara ga fadama shi ya yawaita masu kuka.

Binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 ya kawo adadi biyu da ya kamata a karanta su tare. Na ɗaya, in an kwatanta, mace a Jihar Kebbi ta kan haifi 'ya'ya shida zuwa bakwai a rayuwarta, alhali na ƙasa duka biyar ne da ɗan ɗori. Na biyu, cikin yara 1,000 da aka haifa a jihar, 252 ba su kai shekara biyar ba, watau ɗaya cikin huɗu, babu jihar da ta kai haka a lokacin. Waɗannan biyu 'yan gida ɗaya ne. Uwar da ba ta da tabbacin ɗanta zai rayu ba ta yarda ta tsaya ba, haihuwa kusa da kusa kuma ta kan raunana uwa da ɗa.

Inda Waɗansu Suka Bi

Ƙasashe da yawa sun bi mataki uku. Da farko haihuwa da yawa, mutuwa da yawa. Sa'an nan mutuwa ta ragu, haihuwa tana nan, jama'a ta yi ta riɓa. Daga ƙarshe, in iyaye suka ga 'ya'yansu suna rayuwa, 'yan mata suka daɗe a makaranta, ɗawainiyar ilmi ta ƙaru, sai haihuwa ta sauko da kanta. Bangaladash ta sauko daga 'ya'ya fiye da shida a shekarun 1970 zuwa wajen biyu. Iran ta yi irin wannan saukowa tsakanin tsakiyar shekarun 1980 da 2000. Waɗansu ma sun zarce har abin ya zame musu damuwa, kamar Koriya ta Kudu, inda a 2023 haihuwar ba ta kai ɗa ɗaya ga kowace mace ba, tsofaffi suna yawa, masu ɗaukar nauyinsu suna ƙaranci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashe a 2024 cewa mutanen duniya za su kai wajen biliyan 10 da ɗan ɗori a shekarun 2080, sa'an nan su tsaya. Nijeriya tana mataki na biyu, ko da ya ke binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna haihuwa ta ɗan sauka ƙasa da biyar. Amma fiye da 40 cikin 100 na mutanenta ba su kai shekara 15 ba, su ne iyayen gobe, don haka ƙaruwa za ta ci gaba shekaru masu yawa ko da kowane gida ya rage.

Abin da ke Kanmu

Wani zai ce, ai bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne, ba mu ja da wannan ba. Amma ba mu taɓa ganin wanda ya faɗi haka ya ƙi yin shuka ba, ko ya ƙi gina rumbu. Jama'a arziki ce, matuƙar an ciyar da ita an ilmantar da ita. Abin tambaya shi ne, ko za mu iya riɓa gona da rijiya da asibiti da aji cikin kowace shekara 23? Makarantar da ke da yara 50 a aji yau, in ba a riɓa ɗakuna da malamai ba, 100 za ta tara a ɗaki ɗaya, malami ya koma makiyayi.

Aiki biyu ne a gabanmu, ba kuwa wanda zai isa shi kaɗai. Ɗaya shi ne ƙara ɗaukar ƙasa ba tare da karya ta ba: a mai da taki gona, a dasa itace, a bar burtali, a saki ruwan madatsa a kan lokaci don fadama ta sha, a hana koma mai kama 'ya'yan kifi. Ɗayan shi ne kula da ƙofofin gidan: a yi wa yara rigakafi, a tsabtace ruwan sha, a bar 'yan mata su yi karatu, a ba uwa hutu tsakanin haihuwa da haihuwa. Wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu mata su kan shayar da ɗa kusan shekara biyu kafin yaye, suna kuma ganin rurrutsa abin gudu ce, domin sun san abin da ta ke yi wa yaro.

Mu malaman gobe, namu rabon ba ƙarami ba ne. Mu koya wa yara lissafin riɓi da dara da ƙwayar shinkafa. Mu sa su ƙidaya gidajen unguwarsu, su tambayi dattawa inda gari ya tsaya a dā, da mutum nawa ke cin gonar kakansu a yau. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ba ya bukatar a tsoratar da shi, zai girma ya san ƙasarsa tana da nauyin da ta ke ɗauka, ya kuma san yana da hannu wajen ƙara shi ko rage shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya.